Gurbin da Ya Ƙi Goguwa

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe 9:40 na safe

Muntaka yana raye.

Bari in rubuta kafin hayaniyar ofis ta cinye ni. Muntaka ɗan Baba Zakiyyu, shugaban ƙungiyarmu ta iyalan sojoji, wanda aka yi zaman makokinsa a watan Yuni, jiya bayan la'asar ya bugo waya daga wani asibiti can gabas. Ya rasa yatsu biyu, amma muryarsa ce, har da tsiyar da ya saba, wai a ajiye masa tuwon dawa. Ashe wanda ya kawo labarin mutuwarsa ji ya yi a wurin wani, shi ma wanin ji ya yi.

Baba Zakiyyu ya riga mu zuwa ofis. Tsohon samanja, shekara uku ina aiki a ƙarƙashinsa ban taɓa ganin haƙoransa ba, yau ga shi yana dariya yana share ido da hula. Ya ce da Asama'u, sakatariyarmu, "Ɗiyata, maza fidda min shi cikin matattu."

Asama'u ta buɗe fom ɗinsa a kwamfuta, ta share ranar rasuwa, ta danna adanawa. Kwamfuta ta ce an adana. Ta sake buɗewa, ga ranar nan zaune daram. Sau uku tana yi. Sai duk suka juyo suna kallona, don ni na gina rumbun bayanan nan, kuma a ofishin nan ko fanka ce ta tsaya ni Peculiar ake kallo.

Na ce zan duba.

Litinin, ƙarfe 3:15 na yamma

Duba me? Na san ciwon tun kafin ta danna na biyu.

Duk gyaran da aka yi a fom, ta furosija ɗaya yake bi kafin ya shiga, wato ɗan jerin umarnin da na rubuta na ajiye a cikin rumbun kansa. Lambar soja dole ce a ba ta. Sauran gurabe goma sha ɗaya, irin su suna da unguwa da lambar wayar dangi da ranar rasuwa da sauransu, ganin dama ne. Wanda kake son canzawa shi kaɗai za ka turo.

Bara da na fara rubuta ta, duk gurbin da ba a turo ba yana isowa a matsayin NULL, wato babu komai, ita kuma sai ta ɗauki babun nan ta shafe abin da ke ciki. Asama'u ta kwana biyu tana gyara sunayen unguwanni, ashe lambobin wayar gida arba'in da shida take sharewa ba ta sani ba. Mako guda muka yi a kan babur gida-gida, har Danko da Kanya, muna roƙon lambobi kamar masu neman ƙuri'a. Na sha kunya. Da na dawo na sa COALESCE a kowane layi: in sabo ya zo a ɗauka, in babu ta zo a bar tsoho yadda yake. Ranar nan har kirari na yi wa kaina.

To ga sakamakon kirari. Na koya mata cewa in ba a ce komai ba kar ta taɓa, amma ban bar hanyar da za a ce mata goge ba. Asama'u ta share ranar, fom ya tura babu, ita kuma baiwar Allah ta yi abin da na ce mata.

Na bi ta ƙofar baya, na shiga teburin bayanan da ke cikin rumbun kai tsaye, na cire ranar Muntaka da layi ɗaya. Baba ya sa min albarka har na gaji da amin. Furosijar kuwa ban taɓa ta ba. Aikin minti ashirin ne. Gobe.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe 7:05 na safe

Mama ta ji labarin Muntaka. Ai dole ta ji, Zuru ce.

Tun asuba take waƙa a bakin murhu. Ta ɗaura zanenta mai kyau za ta je yi wa uwar Muntaka barka, kuma kafin ta fita sau biyu ta miƙo min wayarta in duba ko ƙarar tana kan ƙarshe. Wata bakwai ke nan wayar nan ba ta mutu ba ko na minti ɗaya. In an ɗauke wuta sai ta tafi shagon caji na bakin kasuwa, ta zauna a benci kusa da ita har ta cika. Ba ta barin ta ta tafi. Haka take tun ranar da takarda ta zo cewa ba a san inda ƙanena Solomon yake ba. Lambarta ce a fayil ɗinsa, can wurin aikinsu da nan wurinmu.

"Kin gani ko, Peculiar? Wanda aka yi wa makoki ma ya dawo, balle wanda cewa kawai aka yi ba a gan shi ba."

Na ce haka ne, Mama. Na bar kokona na fita.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe 11:30 na safe

Asama'u ta ciro jerin Ranar Kiran Suna.

Kowace shekara, Asabar ta ƙarshen Oktoba, muna taruwa a filin gaban ofis, Kirista da Musulmi. Baba Zakiyyu ya kira sunan duk wanda muka rasa a shekarar, ɗaya bayan ɗaya, a lasifika. In aka kira suna, wani daga gidan zai miƙe ya ce, "Namu ne." Shi ke nan, babu jawabi. Bana ranar 26 ce. Jerin kuma rumbu ne ke fitar da shi da kansa: duk wanda gurbin ranar rasuwarsa ke cike da ranar bana, ya shiga.

Ina cin gyaɗa na ga Asama'u ta ƙura wa jerin ido. Ta tashi ta rufe ƙofa. "Peculiar, zo ki ga wani shirme."

Suna tara. Na bakwai Solomon ne. 19 ga Maris.

"Wane marar hankali ne ya sa wannan? Innalillahi! Da ban duba ba, haka Mamanku za ta ji sunan ɗanta a lasifika?" Ta share ranar, ta danna, ta buɗe. Tana nan. "Maza bi ta ƙofar bayan nan taki, ki cire kamar na Muntaka."

Na ce saba, babbar kwamfutar da rumbun ke ciki, tana nauyi yau, sai anjima. Ƙarya nake, saba lafiyarta ƙalau.

Ni na rubuta umarnin da ke ciro jerin nan. Da hannuna. Amma wallahi ban taɓa haɗa biyun a kaina ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe 1:00 na rana

Ban taɓa ba. Asama'u ta tambaya sau biyu.

Juma'a, 11 ga Oktoba, ƙarfe 4:50 na yamma

Na haɗu da Dawuda a bakin tasha. Abokin Solomon ne tun suna kokawa a filin makaranta, tare suka shiga soja, runduna ɗaya. Shi ya dawo a watan Agusta da sandar dogarawa. Na so in tsallaka titi, ya riga ya gan ni.

Ya gaishe ni, ya tambayi aiki, ya tambayi Mama. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, kin faɗa mata?"

Na ce ina kan hanya.

"Wata biyu fa. Ni ta bayan makaranta nake zagayawa da ƙafar nan don kar ta gan ni ta kira ni. Jiya ta aiko min da kunu. Na kasa sha, Yaya."

Na yi masa tsawa. Na ce shi me ya sani, shi zai zauna da ita bayan an faɗa? Mutumin da ya ɗauko abin da ya ɗauko, shi na yi wa tsawa a gaban masu acaɓa. Ya gyara sandarsa ya tafi. Ina jin haushin kaina har yanzu.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe 2:20 na rana

A coci Mama ta miƙe lokacin shaida, ta ba da labarin Muntaka kamar ɗanta ne, ta ce a ci gaba da addu'a nata ma yana tafe. Matan zumunta suka yi guɗa. Ni na zura ido a littafin waƙa, shafi ɗaya, har aka tashi.

Da muka dawo tana wanke kwanuka ta sake zancen cokali. Mama tana da cokula goma sha biyu tun na aurenta, kowanne ta ɗiga masa shuɗin fenti a gindi don kar su ɓace in an kai abinci taron zumunta. Goma sha ɗaya ne yanzu. Solomon ya soke ɗaya a aljihu ranar da zai koma, tana kallo, tana zaginsa yana dariya. "Ɓarawon cokali," in ji ta yau. "Bari ya dawo, da shi zan kwankwashe masa kai."

Jakar laftof ɗina tana da aljihu na ciki, wurin caja. Ba na buɗe shi.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe 10:10 na safe

Baba Zakiyyu ya kira ni. Asama'u ta gaya masa fom ba ya goge komai har yanzu, amma na lura ba ta ambaci na bakwai ba.

"Fakuliya," haka yake kirana, bakinsa bai taɓa iya sunan ba. "Wanga abu naki, ke kaɗai ka iya fidda mutum cikin matattu? In kin yi aure kin tafi Abuja, sai mu riƙa bin ki a mota?"

Na ce Baba ai babu mai so na. Ya ce wannan matsalar samari ce, tasa matsalar fom ce. Ranar Alhamis ta sama, 24 ga wata, jerin zai tafi wurin mai buga takardu. Yana son Asama'u ta iya gyara komai da kanta kafin nan.

Gaskiyarsa. Muddin furosijar nan tana a lalace, babu mai iya taɓa ranar nan sai ni. Yau na yarda a raina cewa shi ya sa na bar ta haka.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe 12:45 na rana

Aiki. Bari in yi tunanin aiki kawai.

Hali uku ne, ni kuma biyu na tanada. Ko mutum ya turo sabon abu, ko bai ce komai ba, ko ya ce a goge. Na biyu da na uku duk a matsayin babu suke iso mata, dole in raba su.

Zan iya ware wata rana ta bogi, misali 1 ga Janairu 1900, in ce duk lokacin da ta zo ana nufin goge. Wasu haka suke yi. Amma na san ofishin nan. Wata rana wani zai ciro rahoto ta wata hanya, a ga soja ya mutu tun kafin a haifi kakansa. Kuma lambar waya fa, wace bogi zan ware mata?

Zan iya rubuta wa kowane gurbi furosijarsa daban. Goma sha ɗaya. Allah ya kiyaye, duk ranar da na canza abu ɗaya sai na bi su duka.

Abin da na tsayar: kowane gurbin da ake iya bari fanko zai samu abokin tafiya, ɗan farameta mai amsa i ko a'a, wanda in ba a turo shi ba a'a ne. In ya zo da i, a goge. In bai zo ba, a bi tsohuwar doka. In kuma wani ya turo sabon abu tare da umarnin gogewa a gurbi ɗaya, ta ƙi karɓa ta mayar masa, don bai san abin da yake so ba. A fom zan sa ɗan akwati kusa da kowane gurbi, a rubuce "goge wannan". Sai mutum ya danna shi da gangan.

Da kyau. Ina ma komai haka yake.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe 3:30 na yamma

Na rubuta. Minti ashirin da biyar. Na gwada a kwafin rumbu, ba na gaskiya ba. Canza unguwa kaɗai, waya tana nan. Goge waya, unguwa tana nan. Sabo tare da gogewa, ta ƙi. Komai daidai.

Sai shaiɗan ya ce in gwada da layin Solomon. A kwafi ne ai, babu wanda zai gani.

Na danna akwatin. Ranar ta tafi. Allon ya nuna sunansa, hotonsa da hular nan da ta yi masa yawa, lambar Mama, sai "ba a san inda yake ba". Na zauna ina kallo, ban san ko minti nawa ba. Daɗi na ji. Wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro, daɗin da na ji. Na gane inda Mama take zaune wata bakwai, kuma ban ga laifinta ba.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kar Asama'u ta ji.

Ban ɗora gyaran a rumbun gaskiya ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe 5:05 na yamma

Asama'u ba wawuya ba ce. Na manta ni da kaina na koya mata inda ake ganin tarihin canje-canje, wa ya canza me, yaushe.

Ta jira Baba ya tafi masallaci. Ta jawo kujerarta kusa da tawa, ta ajiye min ruwa, ba ta juyo da allon ba ma. Ta ce a hankali, "14 ga Agusta, ƙarfe huɗu da minti goma. Sunanki ne a wurin."

To. Bari in rubuta sau ɗaya, tunda na faɗa da baki yau.

Ranar nan Dawuda ya zo ofis, Asama'u ta tafi bikin suna. Ya zauna inda take zaune yanzu. Yana wurin ranar da Solomon ya rasu. Shi ya goyo shi har inda ya iya, shi da wani suka haƙa da hannu da wuƙa, a gindin wata bishiya da ya ce ko yau zai gane ta. Bayan nan shi ma aka same shi, ya yi wata huɗu a kwance bai san inda kansa yake ba, na biyun kuma bai fito ba. Ya ba da bayaninsa can, takardu suna tafiya da saurin da takardu ke tafiya. Ya miƙo min cokalin.

Da ya tafi na rasa wanda zan faɗa wa. Na kasa riƙe shi ni kaɗai, na kasa kai shi gida. Sai na buɗe fom na rubuta ranar. Na faɗa wa abin da na san ba zai yi kuka ba. Na rufe, na tafi gida, na ci tuwo da Mama.

Asama'u ta bar ni na gama. Ita shekara huɗu ke nan da ta miƙe a filin nan ta ce "Namu ne" a kan mijinta. Ta ce, "Ni a kasuwa na ji nawa, a bakin mai manja. Ta ɗauka na sani, ta yi min gaisuwa tana auna min kwalba. Har yau ba na bi ta layin nan. Peculiar, ko ki goge ko ki bari, wannan naku ne. Amma kar matar nan ta ji a lasifika, kar kuma ta ji a bakin mai manja."

Na ɗora gyaran kafin mu tashi. Yanzu Asama'u tana iya gogewa. Ta gwada da lambar wayar wani da ya ƙaura, ta ga ta tafi, ta ce madalla. Layin Solomon ba ta buɗe ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe 11:00 na safe

Na shirya bakina tun ina wanka. Na fito na same ta tana murna, ta sayo wa wayar sabon batir, wai tsohon ya fara kumbura kar ya ci amanarta ranar da ake buƙata. Ta ce in sa mata.

Na sa mata.

Asabar, ƙarfe 4:00 na yamma

Na je gidansu Dawuda na ba shi haƙuri. Ya ce zai zo gidanmu gobe bayan coci.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe 5:40 na yamma

Ya zo da kakinsa, a goge. Mama tana tsince wake a tsakar gida. Da ta gan shi ta fara faɗa, wai sai yau ya ga dama, ɗan banza mai gudun kunu. Ta miƙa hannu za ta jawo masa kujera. Shi kuma ya ajiye sandar, ya durƙusa a kan ƙafar nan da ba ta lanƙwasuwa sosai, ina jin yadda ya cije.

Faɗan ya tsaya.

Duk abin da na shirya ya gudu. Na buɗe aljihun caja, na ɗauko cokalin, na ajiye a cikin tiren wakenta.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta juya shi, ta goga babban yatsa a kan shuɗin fentin. Da yarenmu ta tambayi Dawuda, ba da Hausa ba, abu uku kawai. Ya sha wahala? An rufe shi? An yi masa addu'a? Dawuda ya amsa duka ukun. Na farkon ban san ko gaskiya ya faɗa ba, Allah ya saka masa.

Sai ta juyo gare ni. "Tun yaushe?"

Na ce tun Agusta.

Na so ta mare ni. Na so ta yi ihu maƙwabta su shigo. Ta tashi, ta wanke cokalin da soso da sabulu, ta goge shi da bakin zani, ta sa shi cikin 'yan'uwansa. Ta ɗaga Dawuda da hannunta ta zaunar da shi. Ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa.

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe 6:50 na safe

Ta yi shara. Ta dama koko. Ba ta yi magana ba.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe 6:30 na yamma

Fasto ya zo, matan zumunta sun zo. Ta gaishe su, ta ba su ruwa. Ni dai ba ta dube ni ba. An ɗauke wuta da rana, ta ɗauki wayar ta tafi shagon caji kamar kullum.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe 7:15 na safe

Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaya mata zancen jerin. Na ce sunansa yana ciki, ni na sa, gobe za a kai bugawa. In ta ce a cire, yanzu akwai hanya, dannawa ɗaya ce. In tana son a jira takarda daga can, a jira.

Ta ci gaba da ninke kaya.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe 12:20 na rana

Asama'u ta tambaye ni me Mama ta ce. Na ce ba ta ce komai ba. Muka zauna muna kallon juna, mai buga takardu yana ta bugo waya.

Dole muka kai wa Baba Zakiyyu. Na ba shi labari tun daga Agusta. Na ɗauka zai yi min faɗan samanja. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Da ɗana bai bugo waya ba, da bakina zan kira sunanai ranar Asabar," in ji shi. "Na yi wata huɗu ina koyon yadda zan yi." Ya mayar da tabarau. "Tunda ba ta ce a goge ba, ba mu gogewa. A buga. In na iso wurin zan ɗaga kai in dube ta. In ta kaɗa kai, ko ba ta zo ba, in tsallake. Babu mai tambaya ta dalili."

Sunaye tara suka tafi wurin bugawa.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe 5:10 na yamma

Ta zo. Ban sa rai ba. Na fito na same ta a shirye da zanen zumunta, wayar a hannu. Ta zauna a layi na biyu, ni a gefenta, Dawuda a bayanmu.

Liman ya yi addu'a, fasto ya yi. Baba ya fara. Na ɗaya, wani tsoho daga Kanya ya miƙe. Na biyu, wata mai goyo. Na uku, na huɗu. Ina ƙirgawa da yatsu a cikin zani kamar ban san jerin ba. Na shida ya zauna.

Baba ya ɗaga kai.

Mama ba ta kaɗa kai ba, ba ta kuma gyaɗa ba. Ta yi zaune tana kallonsa. Har wasu a filin sun fara waige. Na ga Baba ya sa yatsa zai sauka zuwa na takwas. Na yunƙura, ban ma san me zan yi ba, sai na ji hannunta a gwiwata ta danne ni. Da gwiwar tawa ta dogara ta miƙe, tun ba a kira ba.

Muryar Baba ta karye a tsakiyar sunan, ya sake daga farko.

Kowa "Namu ne" yake cewa. Mama ta ce, "Nawa ne."

Da ta zauna ba ta ɗauke hannun daga gwiwata ba har aka tashi.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe 10:35 na safe

Mama ta zo ofis. Shekara uku ina aiki a nan ba ta taɓa shigowa ba. Asama'u ta ba ta kujerarta, ta ce za ta je sayen kati, ta fita ta ja mana ƙofa.

"Nuna min inda kika rubuta shi."

Na buɗe. Ta matso da fuska kusa da allo. Ta ce hular ta yi masa yawa, tun ranar ta faɗa. Ta sa na karanta mata gurabe ɗaya bayan ɗaya, suna, unguwa, ranar haihuwa, ranar rasuwa. Da na iso lambar wayar dangi na karanta, ta ɗaga hannu.

"Wannan tawa ce."

Na ce i, Mama.

"Cire ta."

Na ce in sa tawa a madadin? Ta ce a'a, a bar wurin haka. "Sauran kar ki taɓa."

Na danna ɗan akwatin, na adana, na sake buɗewa don ta gani. Gurbin waya fanko, komai yana nan yadda yake.

Ta kwance bakin zaninta ta ciro wayar. Ta jujjuya ta, ta duba gefe, ta duba sama. Sannan ta miƙo min.

"Peculiar, ta ina ake kashe ta? Na manta."